Zanen Likita da Soson Ƙarfe

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ke da injin niƙanki da masu zuwa su cika miki kunne tun safe. Da fatan ƙafar nan ta daina kumburi. 'Yan biyu suna gaishe ki, sun ce har yanzu suna jiran takalman da kika yi musu alkawari.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Wayata ce ta gamu da bango. Baban 'yan biyu ya ga saƙon asibiti ya shigo sau uku a yini ɗaya, ya ce wane irin asibiti ne wannan da ba ya gajiya da neman matar mutane, sai ya maka ta da bango. Direban motar kayan da ke bi ta ƙofar shagonki ya ce zai riƙa kai miki takarda, ki ba shi amsa in ya juyo.

To ga labari, kuma mai daɗi ne. Kin san ƙarin da ke nonona na dama, wanda kika taɓa kika ce ya kai lemon zaƙi. An gama ƙarin ruwan maganin nan har sau shida. Ya kwashe mini suma tas har da gira, ya sa komai na ci sai in ji ɗanɗanon ƙarfe, amma ya yi aikinsa. Jiya aka sake hoto, likita ya ce ƙarin ya koma kamar ƙwan kaza. Daga nan ya faɗi abin da ban taɓa sa rai ba, wai ba sai an cire nonon duka ba.

Na ce, "Likita, in ka cire abu mai girma haka, ai rami za ka bar mini."

Wani tsoho ne gajere mai tabarau, ba ya gaggawar magana. Ya tambayi sana'ata, na ce tela ce ni. Ya ce, "To in aka kawo miki riga wuta ta ci gefenta, yar da ita kike yi?" Na ce a'a, in yadin na da yawa sai in yanke inda ya ƙone har da ɗan gefen da wutar ba ta taɓa ba, in jawo sauran in tsuke, rigar ta ɗan rage girma amma ta zauna daram. Ya yi dariya ya ce aikinsa ke nan na faɗa. Zai cire ƙarin tare da nama mai lafiya da ke kewaye da shi, a kai ɗakin gwaji a duba ko an bar saura. Sai ya jawo naman ƙasa ya cike gurbin, ya ɗaga kan nonon ya mayar inda ya dace, ba tare da ya raba shi da fatar da ke kai masa jini ba. Na hagu kuma zai rage shi don su zo daidai. In na warke a yi ta haska wurin da na'ura na wasu makonni. Ya ce na yi sa'a ina da yadi isasshe. Kin ga abin da kuka yi ta tsokanata a kansa tun ina budurwa, yau ya yi mini rana.

Yaya, na yi kuka a gabansa, kuma kin san dalili. Kin tuna bayan an yanke wa Inna nata, yadda take cusa tsumma a riga kafin ta fita, tsumman ya yi ta zamewa tana gyarawa a ɓoye? Ni na ɗinka mata ɗan matashin nan na auduga da take sawa. Shi ne abu na farko da na taɓa ɗinkawa a duniya, ina da shekara goma sha ɗaya. Tun ranar da aka ce mini kansa ce, shi nake gani in na rufe ido.

Baban 'yan biyu ya ce ya yarda a yi, tunda dama ya rantse ba zai zauna da mace mai nono ɗaya ba. Yana cin abinci ya faɗa, ko ɗago kai bai yi ba. Na roƙe shi ya zo ya ji bayani daga bakin likita, ya ce shi walda ya koya, ba zaman layi ba. Ban gaya masa za a taɓa na hagu ba tukuna, ina jiran ranar da zan same shi cikin daɗin rai.

An sa aikin ranar Laraba ta sama. Ki sa ni a addu'a.

Taki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Gaisuwa ta iso, ƙafa da sauƙi, ki shafa mini kan yaran. Ba zan tsaya dogon gaishe-gaishe ba don raina a ɓace yake.

Na karanta takardarki sau biyu, na biyun sai da na kashe inji. Wato ke har yanzu ado kike nema? Abin da ya kwantar da Inna ya zo ya zauna miki a ƙirji, ke kuma kina lissafin yadda riga za ta zauna. In da ni ce, cewa zan yi su kwashe shi duka har da na hagun, su haɗa da hammata, in tashi da ƙirji kamar allo amma da raina. Na yarda likitan nan ya san aikinsa, ni jahila ce mai niƙa barkono. Ki dai tambaye shi tsakaninsa da Allah, in 'yarsa ce haka zai yi mata? In ya ce e, to na yi shiru, na bar ki da shi.

Amma maganar wancan mai waldan ba zan yi shiru ba. Ya fasa miki waya kina rubuto mini wai ta gamu da bango, kamar wayar ce ta tashi da ƙafarta. Bara ma cewa kika yi ƙofa ce ta buge ki a ido. Gidan nan naku ƙofa da bango duk 'yan dambe ne? Ni na goya ki, Auta, na san lokacin da kike rufa wa mutum asiri. Mutumin da zai kalli matarsa babu suma, tana amai, ya ce ba zai zauna da mai nono ɗaya ba, wannan ai ba mutum ba ne. Shi me yake da shi guda biyu banda kunnuwan da ba ya ji da su?

Kuma ki gaya masa batun na hagun nan yau, a gaban mutane, a ƙofar shagonsa inda zai ji kunya. Ranar daɗin ransa da kike jira tun aurenku nake jiranta ban gan ta ba.

Ki isar masa da wannan daga gare ni. Ƙarfen da nake tayar da inji da shi yana nan, nauyinsa ya kai na jariri. In ya ƙara ɗaga miki hannu, wallahi da shi zan zo, kuma ba inji zan tayar ba.

Zan rufe shago in taho ranar Alhamis, in tarar an gama. Allah ya ba da sa'a, ya tashe ki lafiya.

Yayarki

*

Yaya,

Ina gaishe ki. Ki yi haƙuri da rubutun, da hannun hagu nake yi. Kada ki jira Alhamis, ba a yi aikin ba.

Na tambayi likita abin da kika ce, ya ce ko 'yarsa ce haka zai yi mata, kuma in gwaji ya nuna gefunan ba su fita tas ba zai koma ya ƙara cirewa. Ranar Talata da hantsi ya kira ni don ya yi zane. Ashe ba a kwance ake yi ba, don in mace ta kwanta komai sai ya zame gefe, awon ya ɓaci. A tsaye na tsaya, nas tana riƙe da ni, shi kuma ya ɗauko tef ɗin awo irin nawa sak da alƙalami mai shuɗin tawada. Ya auna daga ramin wuya zuwa ƙasa, ya ja layi a tsakiya, ya sa ɗigo inda kan nonon zai koma, ya zagaye inda ƙarin yake, ya yi wa fatar da za ta riƙe jini alama daban. Ya yi wa na hagu irin wannan zanen. Sai da ya shafe kusan awa guda, yana ja da baya yana dubawa yana gyarawa. Na ce masa da tela ne da ya raba ni da masu kawo mini ɗinki. Ya ce kada ruwa ya taɓa wurin. Gado ba zai samu ba sai da safe, don haka suka ce in je gida in dawo.

Da la'asar ina ɗaki ina canza riga a hankali don kada tawadar ta goge, sai ga Baban 'yan biyu ya shigo neman makullin shago. Ya tsaya ya kafe ni da ido. Ya ce, "Wa ya yi rubutu a jikin matata?"

Na ce likita ne, zanen aiki ne, da nas a wurin.

Ya ce, "Wannan ne mai ciwo. Wancan fa? Me ya kai hannunsa kan mai lafiya?"

Na buɗe baki in yi bayani, mari ya riga ni. Na faɗa kan keken ɗinki, ya finciko ni ya ja ni a ƙasa har banɗaki. Na riƙe bakin ƙofa, ya take mini yatsu da takalmin aikinsa, na ji biyu sun yi ƙara. Ya ɗauko galan ɗin fetur da yake wanke fenti a hannu da shi, ya ɗauko soson ƙarfen da nake kankare tukunya, ya danne ni da gwiwa. Yaya, fatar da magani ya riga ya cinye, ko tawul ba ta so. Yana dirzawa yana cewa zai ga ƙarshen rubutun, ina ihu ina cewa gobe ne aikin, ka bari, gobe ne. Tawadar ba ta fita da sauƙi, don haka ya bi kowane layi ɗaya bayan ɗaya, sai da shuɗin ya ƙare ja ya maye gurbinsa. 'Yan biyu suna bakin ƙofa suna kallo. Ƙaramar ta cije shi a ƙafa, ya yi jifa da ita ta bugu da bokiti. Maƙwabciyarmu ce ta ɓalle ƙofar gida da taɓarya, sannan ya sake ni ya fita yana huci.

Da safe na je asibiti. Da likita ya ɗaga ƙyallen da na rufe wurin, sai ya cire tabarau ya zauna. Nas ita ce ta yi ta zagi, har ta ce in ba ta izini ta kira 'yan sanda. Na ce masa ya sake zanawa mana, ai ya san awon. Ya ce, "Zane ba wuya, 'yata. Fatar da zan ɗinka ce babu. Inda soson ya fi ci shi ne inda jinin kan nonon zai bi. In na yanka a kan wannan ciwon, ruɓewa zai yi." Ya ce a jira ya warke, mako uku in an yi sa'a, amma ƙarin ba ya jiran kowa tunda an tsayar da magani.

Kin ce in gaya masa a gaban mutane ban yi ba. Na ji tsoro ne. Yanzu ma tsoro nake ji, ba na shi ba, na kwanakin nan da za su wuce. Ina gidan maƙwabciya da yaran. Ki zo.

Auta

*

Zuwa ga babbar yayar iyalina,

Bayan sallama da gaisuwa ta girmamawa, da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Wani abokin aikina ne yake rubuta mini wannan, domin hannuna na dama yana cikin filasta, kuma kin fi kowa sanin dalili.

Ina so ki sani ban kai ƙara ba saboda darajar zumunci. Kin shigo mini shago da rana tsaka, ina tsugune ina haɗa ƙofa, a gaban masu kawo aiki. Ba ki yi sallama ba. Kin sauke mini ƙarfe a hannu, ƙashi ya karye wuri biyu. Kin fasa mini gilashin fuska, kin zubar mini da haƙori ɗaya, kina kirana sunayen da ba zan sa a rubuta ba. Da ba a rirriƙe ki ba da yanzu wani zancen ake yi. Yau mako shida ke nan ban kunna wuta ba.

Na yarda zuciya ta ɗebe ni a ranar nan, kuma hannuna ya yi nauyi. Amma ki yi adalci. Wane namiji ne zai shigo ɗakinsa ya tarar wani ƙato ya zane ƙirjin matarsa hagu da dama, ya yi shiru? Ba wanda ya gaya mini za a taɓa mai lafiyan. Ni ma ina zana alli a kan ƙarfe kafin in yanka, amma a kan ƙarfena nake zanawa, ba na wani ba. Abin da na yi wankewa ce kawai, kuma ƙujewa ce da ke warkewa cikin kwana bakwai. Na je asibitin don in ji ta bakin likitan, masu gadi suka fitar da ni kamar ɓarawo, don kawai na riƙe masa wuyan riga.

Yanzu na huce. Na yafe miki, na yafe mata. Na amince a yi aikin yadda aka tsara tun farko, a gyara mata duka biyun, da sharaɗin ina tsaye a wurin lokacin da za a sake zanen. Ki gaya mini inda kika kai mini iyali. Gida ya yi ƙura, kekenta yana nan yadda ta bar shi, masu ɗinki suna ta zuwa suna tambaya.

Na ba direba wannan, na san ya san inda kuke ko da ya ƙi faɗa mini. Ina jiran amsa. Allah ya huci zuciyarki.

Naki cikin girmamawa,
Baban 'yan biyu

*

Kai mai walda,

Sallamarka na amsa don ta Allah ce. Gaisuwarka ka riƙe abarka.

Wai ka yafe mini. Ni ban yafe wa kaina ba, da na sami hannu ɗaya kawai. Kanka nake nema, mutane suka shiga tsakani. Haƙorin kuma in kana so yana nan ƙarƙashin teburin aikinka, can na ga ya gangara.

Ƙujewar kwana bakwai ko? Bari in ba ka labarinta. A kwana na huɗu wurin ya kumbura ya fara ruwa. A na shida zazzaɓi ya kayar da ita, aka ba ta gado. Jikin da magani ya riga ya karya ba shi da ƙarfin faɗa da ƙwayar cuta, ga fetur ɗinka ya ƙone abin da soso ya bari. Ni nake riƙe ta in za a wanke ciwon, tana cizon zanena don kada marasa lafiyan ɗakin su ji ihunta. Kullum da safe sai ta sa hannu ta taɓa ƙarin, ta dube ni ta ce, "Yaya, kamar ya ƙaru ko?" Ni kuma in ce mata a'a. Mako bakwai ina yi wa ƙanwata ƙarya.

Ni ce na fara cewa a yanke duka, ban ɓoye ba. Amma da na ga yadda take son abin nan, ni da bakina na je na durƙusa wa likita na ce ya yi ƙoƙari ya bar mata ko rabi ne. Jiya aka sake hoto. Ya kira mu ya nuna mana, ya ce ƙarin ya wuce girmansa na farko, kuma ya kama fatar daga ciki, daidai inda tabonka yake. Ya ce, "Da ina da abin da zan tsuke, yanzu babu. In na bar wani abu, ciwon na bar mata." Tsohon nan da ka shaƙe, idonsa ya kawo ruwa yana faɗa.

Ka ce ka amince a gyara duka biyun kana tsaye. Amincewarka ta zo a makare, kuma ba wanda ya tambaye ka. Ita ta sa hannu a takarda da yatsunta da ka take. Jibi za a yi.

Ƙaramar 'yarka har yanzu ba ta shiga banɗaki sai an raka ta. Ba zan gaya maka inda muke ba. In kuma ka bi sawun direba ka zo, ka zo da wanda zai rubuta maka wasiƙa har ƙarshen rayuwarka, don ƙarfen yana jakata, kuma hannun hagunka nake bi.

Yayarta

*

Baban 'yan biyu,

Assalamu alaikum. Da fatan hannu yana sauƙi.

An yi aikin yau kwana goma sha biyu. Wannan karon layi ɗaya likita ya ja, ko minti biyar bai ɗauka ba, kuma ba wanda ya goge shi. Sakamakon gwaji ya fito, sun ce gefunan sun fita tas. Zan rayu in Allah ya so.

Na dama ya tafi da tabonsa. Na hagu, wanda babu abin da ya taɓa samunsa, yana nan da shatin sosonka, kullum ina gani.

Ka rantse ba za ka zauna da mace mai nono ɗaya ba. Ba zan sa ka yi kaffara ba. Ka ba direba takardar sakina, ka haɗa masa da kekena da jakar audugar da ke ƙarƙashin gado. Akwai ɗan ɗinkin da zan yi, na san awonsa tun ina da shekara goma sha ɗaya.

Ka huta lafiya.

Maman 'yan biyu